Lu'ulu'un Tsafi a Matsayin Makamashi: Tarken Jigon Fim ɗin Laputa na Hayao Miyazaki

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da suka zama ruwan dare a ƙagaggun labaran almara na zamani, ko a littafi ko a fim ko a wasannin kwamfuta, akwai wani dutse mai ƙyalli wanda ake ɗora wa nauyin tafiyar da injuna. Shi ke ɗaga jirage sama, shi ke haskaka birane, kuma idan rana ta ɓaci shi ne makamin da ake hallaka al'umma da shi. A wannan maƙala an kira shi lu'ulu'un tsafi, domin kalmar lu'ulu'u, wadda Hausa ta aro daga Larabci, ta faɗaɗa a bakin Bahaushe har ta ƙunshi kowane dutse mai daraja da sheƙi.

Manufar maƙalar ita ce ta tarki yadda aka sarrafa wannan dutse a fim ɗin zane mai motsi na ƙasar Japan mai suna Tenku no Shiro Rapyuta, wato Laputa, fadar sararin sama, wanda Hayao Miyazaki ya rubuta ya kuma ba da umarni, kamfanin Studio Ghibli ya fitar ranar 2 ga Agusta, 1986. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, amfanin lu'ulu'un tsafi ga mafi yawan marubuta shi ne ya ɓoye wahalar da ke bayan makamashi, kuma darajar wannan fim ta taso ne daga ƙin yarda da ya yi ya ɓoye ta. Za a kuma nuna inda ƙarfin halin nasa ya tsaya.

2.0 Bambancinsa da Kayan Tsafin Hikaya

Mai nazarin adabin Hausa ba baƙo ba ne ga kayan tsafi. Layar zana da baduhu da zoben aljani sun cika tatsuniyoyi da hikayoyi, kuma littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam (1934) an gina shi ne kacokan a kan neman wani ruwa mai warkarwa. Sai dai duk waɗannan kaya na mutum ɗaya ne, don biyan buƙata ɗaya. Idan tauraro ya samo ruwan, aka warkar da marar lafiya, kasuwa tana nan yadda take, manomi yana nan da fartanyarsa, sarauta ba ta girgiza ba. Haka ma fitilar Aladdin: ta gina wa mai ita fada, amma ba ta sauya yadda mutanen garin ke dafa abinci ko tafiya fatauci ba.

Lu'ulu'un tsafi na almarar zamani ya sha bamban da wannan. An ajiye shi ne a gurbin da kwal da man fetur da yuraniyam suke a duniyar zahiri, wato a ƙarƙashin tattalin arzikin al'umma baki ɗaya. Da zarar marubuci ya ba dutse irin wannan matsayi, to ya ci bashin wasu tambayoyi ko ya sani ko bai sani ba. Wa ya haƙo shi? Wa ya mallake shi, kuma da wane haƙƙi? Ina dattinsa yake zuwa? Marubutan da ba su kai ba sukan tsallake duka ukun, su miƙa wa mai karatu makamashin da ba shi da rami, ba shi da hayaƙi, ba shi da lebura.

Yana da kyau a lura cewa duwatsu masu ƙyalli na gaskiya ba su haifar da ƙarfi da kansu. A 1880 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matsa farin dutsen nan da ake kira kwaz yakan fitar da ɗan lantarki. Daga wannan ne aka kai ga agogon hannu mai aiki da kwaz, wanda kamfanin Seiko ya fara sayarwa a 1969. Ƙwayar dutsen da ke cikin irin waɗannan agogai a yau tana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, amma batir ne ke kaɗa ta. Haka nan na'urar leza ta farko, wadda Theodore Maiman ya haɗa a 1960, da yaƙutu aka yi ta, amma sai da aka haska masa fitila mai ƙarfi kafin ya ba da nasa hasken. Ke nan a zahiri dutse mai daidaita ƙarfi ne ko mai sauya masa kama. Almara ce ta cire batirin ta bar dutsen shi kaɗai, kuma abin da aka cire ɗin nan shi ne ainihin inda tsada da wahala suke.

3.0 Tushen Labarin a Littafin Swift

Sunan Laputa ba Miyazaki ne ya ƙago shi ba. Ya fito ne daga kashi na uku na littafin Gulliver's Travels na Jonathan Swift (1726), kuma fim ɗin bai ɓoye wannan aro ba, domin tauraronsa ya ambaci littafin da bakinsa. Laputar Swift tsibiri ne mai shawagi, kewayayye, mai faɗin eka 10,000, wanda wani ƙaton maganaɗisu mai tsawon yadi 6 ke ɗagawa da saukarwa. Abin sha'awa shi ne iyakar da Swift ya gindaya wa dutsen nasa. Tsibirin ba ya iya wuce mil 4 a sama, kuma ba ya iya fita daga kan ƙasar Balnibarbi da sarkinsa ke mulka, saboda ma'adinin da maganaɗisun ke aiki da shi a cikin wannan ƙasar kaɗai yake. Wato masu mulki a sama suna rataye ne da ƙasar talakawan da suke dannewa.

Yadda ake dannewar ma an fayyace shi. Idan gari ya ƙi biyan haraji, sai sarki ya tsayar da tsibirin a kansa ya tare masa rana da ruwan sama. Idan bai ji ba, a yi masa ruwan duwatsu. Matakin ƙarshe shi ne a sauke tsibirin a murƙushe shi. Amma sarki yana tsoron wannan mataki na ƙarshe, kada gindin tsibirin ya tsage. Akwai wani yanki na labarin, wanda ba a buga ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, inda mutanen birnin Lindalino suka gina hasumiyoyi suka ɗora musu nasu maganaɗisun, har suka kusa jawo tsibirin ƙasa, sarki ya sauko ya biya musu buƙatunsu. Manazarta sun daɗe da fahimtar cewa birnin Dablin ake nufi, kuma habaici ne ga mulkin Ingila a kan Ayalan. Tun daga tushe, ke nan, dutsen Laputa magana ce ta siyasa: wanda yake sama da abin wanda yake ƙasa ya hau.

4.0 Dutsen a Cikin Rami

Zubin labarin fim ɗin ba shi da sarƙaƙiya. Wata yarinya marainiya mai suna Sheeta ta gaji wani ɗan shuɗin dutse da take ratayawa a wuya. Jami'in leƙen asirin gwamnati mai suna Muska ya kama ta, 'yan fashin sararin sama ƙarƙashin wata tsohuwa mai suna Dola suka kai wa jirgin hari, yarinyar ta faɗo daga sama, dutsen ya riƙe ta ta sauka a hankali a hannun Pazu, yaron wani mai kula da injin mahaƙa. Daga nan sojoji da 'yan fashi da yaran biyu suka shiga tseren gano Laputa, birnin da mutanensa suka watse suka bari shekaru 700 da suka wuce.

Abin lura na farko shi ne inda Miyazaki ya zaɓi yarinyar ta faɗo. Bakin ramin haƙar ma'adinai ne, da dare, ana aikin ƙarin lokaci. Kafin a ga fadar sama an ga injin da ke yoyon tururi, an ga mahaƙa sun fito daga rami suna kukan cewa babu azurfa, ko kuza ma babu. Gari ne da arzikinsa ya ƙare, gidajensa manne da jikin kwazazzabo, ƙasar da ke kewaye da shi duk ta zama ramuka. Wannan hoto yana da asali. Miyazaki ya ziyarci yankin Wales na Birtaniya a tsakiyar shekarun 1980, zamanin yajin aikin masu haƙar kwal wanda ya ɗauki shekara guda, daga Maris 1984 zuwa Maris 1985, ya ƙare da nasarar gwamnatin Margaret Thatcher, daga baya aka yi ta rufe ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya bayyana a hirarraki cewa tsayin dakan waɗannan mutane ya burge shi. Shi ya sa mahaƙan fim ɗin suka fito a matsayin mutane masu zumunci, waɗanda suka fito titi suka tare wa yaran faɗa ba tare da sun tambayi dalili ba.

Tun ma kafin a fara labarin, zanen da ke rakiyar sunayen ma'aikatan fim ɗin ya ba da tarihin fasaha a taƙaice: daga injin iska guda, zuwa manyan injunan da ke tona ƙasa, zuwa masana'antu masu hayaƙi, zuwa jirage, zuwa birane masu shawagi, sannan faɗuwa da komawar mutane ƙasa. A wannan jeri tono ya riga tashi. Mai kallo da ya kula ya riga ya san cewa birnin sama daga cikin rami ya fito.

Fitowar da ta fi kowace muhimmanci ga wannan nazari ita ce ta ƙarƙashin ƙasa, inda yaran suka haɗu da wani tsohon mahaƙi mai suna Pom, wanda ya mayar da tsofaffin ramukan gidansa. Tsohon ya hure fitila, sai duwatsun kogon suka fara ƙyalli ta ko'ina kamar taurari. Ya ɗauki dutse guda ya fasa da guduma, cikinsa ya yi haske na ɗan lokaci, da iska ta taɓa shi sai ya mutu ya koma dutse kamar kowane. Ya bayyana musu cewa sinadarin yana cikin duwatsun wurin duka, amma mutanen Laputa ne kaɗai suka san yadda ake tace shi ya zama lu'ulu'u mai ɗorewa. Da ya ga na wuyan Sheeta, sai ya nemi ta rufe shi domin ya fi ƙarfinsa, ya kuma gargaɗe ta cewa dutse mai ƙarfi yana kawo alheri yana kuma jawo masifa, balle wanda hannun mutum ya ƙera.

Cikin 'yan mintoci kaɗan fim ɗin ya amsa tambayar da takwarorinsa ke gudu. Lu'ulu'un ma'adini ne, a cikin ƙasar talakawa yake, kuma abin da ya raba mai shi da marar shi ilimin tacewa ne. Mahaƙan suna zaune a kan arzikin da ya ɗaga daula sama, suna kwana da talauci, domin abin yana mutuwa a hannunsu da zarar sun fasa dutsen. Da wuya a sami hoton da ya fi wannan dacewa da halin ƙasashen da ke fitar da ɗanyen ma'adini su sayo sarrafaffe. Kuma an isar da shi ba tare da wa'azi ba, da guduma da fitila kawai. A nan ne gwanintar Miyazaki ta kai maƙura, kuma bai sake kai wannan matsayi ba a sauran fim ɗin.

5.0 Dutsen a Matsayin Makami

Da aka isa Laputa, sai aka tarar birnin hawa biyu ne. Sama lambu ne da ƙaton itace, da wani mutum-mutumi da ya rage shi kaɗai yana kula da tsuntsaye yana kai furanni kan kabari. Ƙasa kuwa baƙin dunƙule ne na injuna da makamai, a tsakiyarsa babban lu'ulu'un da ke riƙe da birnin. Sojoji suka shagala da wawashe zinariya, shi kuwa Muska, wanda ya san inda ainihin dukiyar take, ya wuce kai tsaye zuwa cibiyar. Da ya harba makamin birnin a cikin teku don gwaji, sai ya danganta shi da wutar da ta hallaka mutanen Annabi Luɗu da kuma kibiyar Indra ta hikayar Indiyawa. Amma ga ɗan Japan da ke kallo a 1986, ƙwallon wutar da ya tashi daga teku ba ya buƙatar tafsiri. An haifi Miyazaki a 1941, mahaifinsa yana cikin masu tafiyar da masana'antar iyali da ke ƙera sassan jiragen yaƙi, kuma yana ɗan shekara 4 aka jefa bom a Hiroshima da Nagasaki. (Hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl ya faru a Afrilun 1986, wata uku da 'yan kwanaki kafin fitowar fim ɗin, amma aikin ya riga ya yi nisa a lokacin, don haka ba daidai ba ne a ce shi ya haifar da jigon.)

Idan aka karɓi wannan fassara, to fitowar tsoho Pom tana ƙara nauyi, domin dutsen da ya ƙone Hiroshima shi ma a rami aka haƙo shi. Mafi yawan yuraniyam ɗin da Amurka ta fara aikin bom da shi ya fito ne daga mahaƙar Shinkolobwe ta lardin Katanga, a Kwango ta zamanin mulkin Beljiyam, kuma leburorin Afirka ne suka tono shi. Tarihin bom ɗin da aka saba bayarwa cike yake da sunayen masana kimiyya da janar-janar, su kuwa waɗannan ba a cika tunawa da su ba. Ba a da'awar cewa Miyazaki Kwango yake nufi. Abin da ake cewa shi ne, tsarin da ya gina, mahaƙi a ƙasa da makami a sama, ya fi kusa da gaskiyar tarihi fiye da na masu ɗauko lu'ulu'unsu daga taurari.

6.0 Matsalar Jini da Warwarar Ƙulli

Rauni na farko ya shigo ne ta hanyar gado. Bayan an nuna cewa lu'ulu'un aikin hannu ne da ilimi, sai kuma aka ce kalmomin da ke tayar da shi sirrin gidan sarauta ne da ake gada daga kaka zuwa jika. Sheeta jinin sarautar Laputa ce, Muska ma haka, daga wani reshe na gidan. Da wannan sai rikicin ya tashi daga tambayar wa ya cancanci mallakar arzikin ƙasa, ya koma rigimar magada biyu, ɗaya mai kirki ɗaya azzalumi. Wannan komawa ce ga tsarin tatsuniya, inda layar gado ke gane mai ita. Pazu, wakilin mahaƙa, ya zama mai rakiya. Duk abin da ya shiga hannunsa daga hukuma a fim ɗin tsabar zinariya uku ne da Muska ya danƙa masa don ya koma gida ya manta da yarinyar.

Za a iya kare Miyazaki da cewa ya ba Sheeta sarautar ne don ta yi watsi da ita. Gaskiya ne ta tsaya a gaban Muska ta shaida masa cewa ɗakin gadon sarautar kabari ne, kuma mutum ba ya rayuwa idan ya rabu da ƙasa. Gaskiya ne kuma kalmar rushe birnin su biyu suka furta ta, hannunsu a haɗe a kan dutsen, ɗan mahaƙa da 'yar sarki. Wannan kariya tana da ƙarfi, amma ba ta kore cewa ceton duniya ya rataya ne ga sa'ar da aka yi magajiyar ta kasance mai tausayi ba. Mutanen Lindalino na Swift ba su jira wata gimbiya ba; taruwa suka yi suka gina hasumiya. Ta wannan fuska littafin 1726 ya fi fim ɗin 1986 yarda da talaka.

Duk da haka, kwatanta shi da waɗanda suka biyo bayansa yana ɗaga darajarsa. A fim ɗin Atlantis: The Lost Empire na kamfanin Disney (2001), lu'ulu'un da ke raya birnin abu ne mai rai wanda ke zaɓar jinin sarauta idan ya ga hatsari. Ba a nuna rami ko mahaƙi ba. Abin da ya fi muni, mutanen birnin sun manta karatun rubutunsu, sai da wani matashi ɗan Amurka mai suna Milo ya zo ya karanta musu yadda za su tayar da motocin kakanninsu. Mai nazari daga ƙasar da ta ɗanɗani mulkin mallaka ba ya buƙatar a faɗa masa sunan wannan jigo. Shi kuwa shirin Arcane, wanda aka fara nunawa a 2021, ya fi kusa da Swift, domin ya raba birninsa biyu, Piltover ta masu hali a sama da Zaun ta matalauta a ƙasa, kuma a zango na biyu (2024) ya nuna gurɓatar fasahar lu'ulu'un tana tsiyaya ƙasa har ta kama itacen da wasu 'yan Zaun ke fakewa a gindinsa. Ya amsa tambayar datti, wadda Miyazaki bai taɓo ba, amma bai tsaya a kan tambayar haƙa ba.

Rauni na biyu yana cikin rufewar fim ɗin. Da aka furta kalmar, gindin birnin mai makamai ya ruguje cikin teku, Muska ya makance ya hallaka, saiwoyin itacen suka tare yaran, suka kuma riƙe babban lu'ulu'un. Sai abin da ya rage na birnin, lambu da itace da mutum-mutumin nan mai furanni, ya ci gaba da hawa sama har ya fi ƙarfin kowane jirgi. Hoto ne mai kyau ƙwarai, kuma kiɗan Joe Hisaishi ya ƙara masa armashi, har mai kallo yakan tashi da jin cewa an warware komai. Amma abin da aka yi shi ne an kawar da dutsen daga inda hannu zai kai. Ilimin tacewa ya tafi tare da birnin, don haka ba za a sake ƙera makamin ba, kuma ba za a taɓa haskaka gidan mahaƙi da shi ba. 'Yan fashin Dola sun tsira da 'yan duwatsun ado da suka cusa a riga. Garin da aka fara labarin a cikinsa kuwa, a iya abin da fim ɗin ya nuna, ramin yana nan babu azurfa babu kuza, tsoho Pom yana ƙarƙashinsa tare da duwatsun da ke mutuwa idan an fasa su.